Sansanin 'yan sama jannati da yawon buɗe ido a sararin samaniya: daga ina aka faro, me ake yi a ciki?

Tambayar da aka turo ita ce: yaushe aka fara sansanonin da ake kai yara su koyi aikin 'yan sama jannati, yaushe kuma aka fara biyan kuɗi a tafi sararin samaniya yawon buɗe ido, sannan shin wanda ya halarci irin wannan sansani ya kama hanyar zama ɗan sama jannati ke nan?

Malam, tambayarka ta haɗa harkoki uku waɗanda ake yawan cakuɗa su. Akwai wuraren nishaɗi da gidajen tarihi da ke nuna wa mutum sararin samaniya alhali ƙafarsa na ƙasa. Akwai sansanonin horo, inda ake kwana ana kwaikwayon aiki. Akwai kuma sayen kujera a cikin kumbo na gaske. Tushensu ɗaya ne, wato sha'awar mutane, kuma a duk tsawon tarihin nan sha'awar ce ke gaba, kayan aiki na biye da ita da tazarar shekaru masu yawa. Idan ka riƙe wannan, za ka gane dalilin da ya sa sansanoni suka kafu tun 1982, amma sayen kujera ya yi ta tafiya yana tsayawa.

Tun a 1901, kafin jirgin sama ma ya fara tashi, wani mai suna Frederic Thompson ya gina wani wasa na tafiya duniyar wata a babban baje kolin birnin Buffalo na Amurka. Mutane su shiga wani jirgi mai fukafukai, a girgiza shi, a riƙa jan zanen gajimare a gefe, su fito cikin kogon da aka ƙawata kamar wata. Wasan ya karɓu har aka mayar da shi Coney Island a birnin New York, inda aka buɗe Luna Park a 1903. A 1955 Disneyland ya zo da nasa salon. Daga nan sai kamfanoni suka fara rubuta sunayen masu son tafiya da gaske: Thomas Cook ya buɗe rajistar zuwa wata a 1954, kamfanin jiragen Pan Am kuma ya raba katin jiran tafiya wata ga mutum fiye da 90,000 tsakanin 1968 da 1971. Pan Am ya durƙushe a 1991 ba tare da ya kai kowa ba. Abin da ya yiwu a lokacin shi ne kallo, kuma an kalla: ranar 16 ga Yuli, 1969, an ƙiyasta kusan mutum miliyan ɗaya ne suka cika gaɓar tekun Florida don ganin tashin Apollo 11.

A ɓangaren yara, Tarayyar Sobiyet ce ta riga. A 1961, shekarar da Yuri Gagarin ya kewaya duniya, aka kafa ƙungiyar matasan 'yan sama jannati a Leningrad mai ɗauke da sunan Gherman Titov, inda ɗalibai ke zuwa bayan an tashi daga makaranta su koyi ilimin taurari da na jiragen sama. Amma sansani irin wanda aka sani yau, na kwana da kaki da na'urorin kwaikwayo, a garin Huntsville na jihar Alabama aka haife shi. A can ne tawagar Wernher von Braun ta tsara rokar Saturn V, wadda ta ɗauki 'yan Apollo zuwa wata, kuma a 1970 aka buɗe cibiyar nuna rokoki ta U.S. Space & Rocket Center. Von Braun ne ake danganta wa shawarar, bayan ya lura da yadda 'yan makaranta ke tsayawa gaban rokoki suna rubuce-rubuce: tunda akwai sansanin ƙwallo da na kiɗa, me zai hana a yi na kimiyya? Ya rasu a 1977. Shugaban cibiyar, Edward Buckbee, shi ya cika wannan buri a 1982, da sunan Space Camp, da yara kusan 75 a shekarar farko. Wani fim da aka ɗauka a wurin ya fito a 1986, watanni kaɗan bayan hatsarin kumbon Challenger, kuma duk da cewa bai yi kasuwa sosai ba, ya sa masu neman shiga sansanin sun ƙaru ƙwarai.

Tsarin Huntsville, wanda sauran suka kwaikwaya, kwana biyar ne da yini shida. An kasa yaran bisa shekaru: 9 zuwa 11, 12 zuwa 14, sai 15 zuwa 18, akwai kuma shirye-shirye na manya da na malaman makaranta da na iyali. Ana raba su tawaga-tawaga, kowace da mutum goma sha wani abu, su kwana a gadaje masu hawa a wani gini da aka yi wa fasalin tashar sararin samaniya.

Na'urar da kowa ya fi sani ita ce kujerar nan da ke tsakiyar zobba uku na ƙarfe, kowane zobe yana juyawa ta fuskarsa. Ana ɗaure mutum a ƙirji da ƙugu da ƙafafu, ya kama maɗauri da hannu biyu, a sake shi ya yi ta wuntsilawa na kimanin minti ɗaya. An samo ta ne daga wata babbar na'ura da 'yan sama jannatin Mercury, shirin Amurka na farko na kai mutum sama, suka yi horo da ita a Cleveland a 1960, don koyon tsayar da kumbon da ya ƙwace yana juyi. Wannan ba tsoron banza ba ne, domin a watan Maris na 1966 wani ɗan injin tuƙi ya maƙale a kumbon Gemini 8, Neil Armstrong da David Scott suka yi ta juyawa kusan sau ɗaya a kowace daƙiƙa kafin su shawo kansa. Mutane kan ɗauka amai za su yi a wannan kujera, amma galibi ba sa yi. Bayanin da masu horarwa ke bayarwa shi ne ciki yana daidai tsakiyar juyin, don haka ba ya jijjiga sosai, kuma kujerar ba ta daɗewa tana juyawa ta fuska ɗaya, shi ya sa ruwan cikin kunne ba ya samun damar kama gudu ɗaya. Wanda ya rufe ido shi ya fi shan wahala.

Sai kujerar tafiya a wata, wadda aka rataye da sifirin daga sama ta ɗauke kashi biyar cikin shida na nauyin mutum. Mai kilo 60 zai ji kansa kamar mai kilo 10. Kuskuren kowa a nan iri ɗaya ne: ya tura ƙasa da ƙarfin da ya saba, sai ya tashi sama ya tsaya yana lilo bai ci gaba ba. Sai ya sunkuyar da jiki gaba ya riƙa ɗan tsalle da ƙafa biyu, ko ya yi tafiyar gefe-gefe, kamar yadda aka ga 'yan Apollo suna yi. Akwai kuma wata kujera da ke shawagi kan matashin iska a daɓe mai santsi, wadda ke nuna cewa idan ka murɗa ƙusa ba ka kafe ƙafarka ba, kai ne za ka juya, ƙusar tana nan.

Waɗannan na'urori su ne ke shiga hoto, amma a ganina zuciyar sansanin ita ce aikin kwaikwayon tafiya. Ana raba tawaga gida uku: wasu a ɗakin kula da tafiya, wasu a cikin kumbo, wasu a tashar sama suna gwaje-gwaje ko su sa kaya su fita gyara. Kowa da muƙaminsa da littafin matakai a gabansa da abin magana a kunne. Akwai daraktan tafiya mai yanke hukunci, akwai kwamanda da matuƙi, akwai kuma mutum ɗaya tak da aka yarda ya yi magana da kumbo, wanda ake kira CAPCOM, kamar yadda NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, ke yi tun farkon shirinta. Ana cikin tafiya sai mai horarwa ya jefo matsala daga kwamfutarsa: fitilar gargaɗi ta kama, ƙararrawa ta ɗauka, a ce matsin iska na raguwa ko wani famfo ya tsaya. Ka'idar a bayyane take. Na cikin kumbo ya karanta abin da ya gani, na ƙasa su nemo shafin matsalar, CAPCOM ya karanto mataki ɗaya, na sama ya maimaita shi da baki, sannan ya taɓa makunni, sannan ya ce ya yi.

A tafiyar farko kusan kowace tawaga takan watse, kuma dalilan ba sa canzawa. Mutum huɗu su hau magana lokaci ɗaya. Wani ya tsallake layi a littafi don yana ganin ya gane. Matuƙi ya danna makunni kafin a tabbatar masa, ya kashe abin da ke lafiya ya bar mai matsalar. Ko duk ɗakin ya tattara hankali kan ƙararrawa ɗaya, agogo yana tafiya, a manta lokacin kunna injin dawowa. Bayan an gama sai a zauna a bi abin da ya faru daki-daki, ba don a kunyata kowa ba, a sake shiga. Yaron da ya fito ya san ya saurara, ya maimaita umarni, ya faɗi kuskurensa da wuri, ya samu abin da ya fi wuntsilawa a zobe daraja nesa ba kusa ba.

Aikin hannu ma yana da nasa darasin. Ana ba tawaga ɗanyen ƙwai da 'yan kayayyaki, kamar ragar waya da takardar alminiyom da auduga ko ɓawon toshe kwalba, kowanne da farashinsa cikin ƙayyadadden kasafi, a ce su yi masa garkuwar zafi wadda za ta jure harshen wutar gas na 'yan mintuna. Mafi yawa sukan danne kayan wuri ɗaya su yi kauri, suna zaton kauri ne kariya. Sai zafi ya bi ta ƙarfen ya dafa ƙwan, alminiyom kuwa yana narkewa tun a digiri 660. Waɗanda suka ci su ne suka bar tazarar iska tsakanin shimfiɗa da shimfiɗa, suka sa raga a gaba ta warwatsa harshen wutar. Haka ƙaramar rokar da kowa ke haɗawa ya harba: dole cibiyar nauyinta ta kasance gaba da inda iska ke turawa, da tazarar aƙalla faɗin jikin rokar, in ba haka ba ta tashi ta yi ta katantanwa. Fiffike ɗaya ya karkace, ta kauce hanya. A manta cusa takardar da ba ta cin wuta tsakanin inji da laima, hucin da zai turo laimar waje ya narkar da ita, roka ta dawo da ka.

Manyan ɗalibai a Huntsville suna shiga tankin ruwa mai zurfin ƙafa 24, wato mita 7 da ɗoriya, da tulun iska a baya, a daidaita musu nauyi ta yadda ba sa nutsewa ba sa tasowa. A wannan zurfi matsin ya kai kusan ninki 1.7 na wanda ke saman ruwa, don haka mai mura ko ciwon kunne ba ya shiga, mai asma sai likita ya duba, kuma doka ta farko ita ce kada a riƙe numfashi yayin tasowa, domin iskar huhu na faɗaɗa. Tankin NASA na gaske a Houston zurfinsa mita 12 ne, tsawonsa kusan mita 62, yana ɗaukar ruwa lita miliyan 23 da wani abu. Ko shi ma ba rashin nauyi ba ne na haƙiƙa: ruwa yana riƙe motsi, jinin mutum kuma yana sauka ka idan ya kifa.

Daga Alabama abin ya bazu. An buɗe Euro Space Center a Beljiyam a 1991, Cosmodôme a Laval ta Kanada a 1994, sansanin Izmir a Turkiyya a 2000. A Andøya da ke arewacin Norway, tun 1996 ake tara matasa 'yan shekara 17 zuwa 20 a tashar harba rokoki ta gaske, su haɗa na'urorin aunawa da kansu, a harba roka ta yi kilomitoci a sama, su zauna su fassara bayanan da ta aiko. Huntsville kuma tana da mako na musamman ga ɗalibai makafi da masu raunin gani, da littattafan matakai cikin rubutun makafi da kwamfutoci masu magana. Ba duka suka rayu ba. Rassan Florida da Kalifoniya an rufe su a 2002 saboda matsalar kuɗi, filin Space World na Japan ya rufe a ƙarshen 2017, ita kanta uwar cibiyar sai da ta nemi gudummawar dala miliyan 1.5 a 2020 lokacin korona don kada ta kulle. Na'urori da gine-gine suna cin kuɗi duk shekara, yara kuwa a lokacin hutu suke cika wurin.

Mataki na tsakiya, tsakanin sansani da kumbo, shi ne jirgin sama mai ba da rashin nauyi na gaske. A nan ya kamata a gyara wata fahimta. Ba don babu jan ƙasa ba ne 'yan sama jannati ke shawagi. A nisan kilomita 400, inda tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa take, jan ƙasa yana nan kusan kashi 90 cikin 100. Suna shawagi ne don su da tashar suna faɗuwa tare, suna kuma gudu ta gefe da saurin da ba sa taɓa isowa ƙasa. Jirgi zai iya kwaikwayon wannan na ɗan lokaci. Yana tafiya a miƙe a wajen mita 6,000 zuwa 7,000, sai matuƙi ya ɗaga hancinsa na kusan daƙiƙa 20, kowa ya ji nauyinsa ya ninka sau 1.8. Idan hancin ya kai kusan digiri 47 zuwa 50, a rage wuta zuwa abin da zai soke turjiyar iska kawai, jirgin ya bi baka kamar dutsen da aka jefa. Daƙiƙa 22 ke nan, ko sama da haka kaɗan, kowa yana yawo a iska. Sai a sake ɗago shi da wani 1.8 ɗin. A jirgin Airbus A310 na kamfanin Novespace a Faransa matuƙa uku ne ke aiki tare, ɗaya da hanci, ɗaya da fukafukai, ɗaya da wutar inji. Kamfanin Zero Gravity na Amurka ya fara ɗaukar jama'a a 2004 da Boeing 727, kuma ya ɗauki Stephen Hawking a 2007. Ga masu yawon buɗe ido sau 15 ake yi, ana farawa da nauyin duniyar Mars da na wata don jiki ya saba, alhali masu bincike kan yi 30 ko fiye. Tashin zuciya yawanci a lokacin nauyin 1.8 yake samo asali, idan mutum ya juya kai. Maganinsa a kwanta rigingine, a kafe ido wuri ɗaya, a ci abinci marar maiƙo kaɗan kafin tashi, a sha maganin da likitan jirgin ya bayar.

Shirin NASA na kai farar hula na gama-gari sama da gaske kuwa ya faro ne da baƙin ciki. NASA ta zaɓi malamar makaranta Christa McAuliffe daga cikin mutum fiye da 11,000, kuma ta rasu tare da abokan tafiyarta shida ranar 28 ga Janairu, 1986, daƙiƙa 73 bayan tashin Challenger, saboda sanyin safiyar ya sandarar da zoben roba da ke toshe mahaɗar roka. Daga nan Amurka ta ja da baya. Sobiyet, da tattalin arzikinta ya taɓarɓare, ita ta buɗe ƙofa: a Disamba 1990 gidan talabijin na TBS na Japan ya biya aka kai ɗan jaridarsa Toyohiro Akiyama tashar Mir na kusan mako ɗaya, Helen Sharman ta Birtaniya ta biyo a Mayu 1991. Wanda ya fara biya daga aljihunsa shi ne Dennis Tito, ɗan shekara 60, tsohon injiniya da ya koma harkar zuba jari. Tashar Mir ya yi niyyar zuwa, aka sauko da ita cikin teku a Maris 2001, sai kamfanin Space Adventures ya shirya masa tafiya sabuwar tashar. NASA ta nuna ƙin amincewa a fili, Rasha ta dage, ya tashi ranar 28 ga Afrilu, 2001 a kumbon Soyuz, kan kuɗin da aka ruwaito ya kai dala miliyan 20, ya yi kusan kwana 8.

Daga 2001 zuwa 2009 mutum bakwai ne suka bi wannan hanya, a tafiye-tafiye takwas, domin Charles Simonyi ya je sau biyu. Cikinsu akwai Mark Shuttleworth na Afirka ta Kudu a 2002 da Anousheh Ansari a 2006. Ba zuwa kawai ake yi a hau ba. Kusan wata shida ake yi a cibiyar Gagarin da ke kusa da Mosko: koyon Rashanci, sanin na'urorin Soyuz, atisayen gobara da zubewar iska, zama a daji cikin ƙanƙara ko a teku idan kumbo ya sauka inda ba a shirya ba, da hawa na'urar majaujawa mai hannu tsawon mita 18. Ana kwantar da mutum cikin farar ƙasa a ɗauki siffar bayansa, a ƙera masa shimfiɗar kujera tasa shi kaɗai, saboda bugun sauka. Dawowa ta lafiya takan ɗora wa jiki ninki 4 na nauyinsa, idan kuma kumbon ya faɗo a tsaye ba tare da sarrafawa ba, kamar yadda ya faru a 2008, ya kai 8. Kuɗi ba ya wanke mutum a wurin likita: ɗan kasuwar Japan Daisuke Enomoto an cire shi makonni kafin tashi a 2006, Ansari ta hau kujerarsa. Kuma rabi ko fiye na masu zuwa sama, ƙwararru da baƙi, sukan yi fama da jiri da amai a kwanakin farko. Bayan 2009 kasuwar ta tsaya cak har 2021, don an ƙara ma'aikatan tashar zuwa shida, sannan Amurka ta ajiye kumbunanta masu fukafukai a 2011 ta koma sayen kujerun Soyuz da kanta.

Ga inda gizo ke saƙa, kuma shi ne abin da tallace-tallace ba sa bayyanawa. Taɓo sararin samaniya daban, kewaya duniya daban. Don ka haura kilomita 100 ka dawo, gudun kusan kilomita 1 a daƙiƙa ya isa. Don ka zauna a falaki kana kewayawa, sai kusan kilomita 7.8 a daƙiƙa, wato 28,000 a awa. Makamashin da kowane kilo ke buƙata ya ninka kusan sau 30, kuma duk wannan makamashi sai ya koma zafi lokacin dawowar kumbo. Daga nan bambancin farashi da na horo da na haɗari ya fito.

Hanyar taɓowa a dawo ta samu ƙarfi da gasar X Prize ta dala miliyan 10, wadda jirgin SpaceShipOne na Burt Rutan ya ci ranar 4 ga Oktoba, 2004. Virgin Galactic ya fara sayar da tikiti kan dala 200,000, aka yi ta sa ran tafiya cikin 'yan shekaru, masu saye suka jira kusan shekara ashirin. Fashewa a wurin gwaji ta kashe ma'aikata uku a 2007. Ranar 31 ga Oktoba, 2014, jirgin gwaji ya tarwatse a sama da hamadar Mojave. Jirgin yana da jela mai naɗewa sama don rage gudu wajen dawowa, kuma ka'ida ita ce kada a zare sakatarta sai gudu ya kai ninki 1.4 na saurin sauti. Mataimakin matuƙi Michael Alsbury ya zare ta da wuri, daidai lokacin da iska ta fi dukan jelar, ta naɗe da kanta. Ya rasu, Peter Siebold ya tsira da laima. Masu bincike ba su tsaya kan matuƙin ba, sun ɗora laifi kan ƙirar da ta bari kuskuren mutum ɗaya ya halaka jirgi. Richard Branson, mai Virgin Galactic, ya tashi ranar 11 ga Yuli, 2021, Jeff Bezos kuma ranar 20 ga watan a rokar New Shepard ta Blue Origin, tare da Wally Funk mai shekara 82 da Oliver Daemen mai 18. Tafiyar New Shepard duka minti 10 zuwa 11 ce, rashin nauyi minti 3 zuwa 4, horo kwana biyu. Jirgin Virgin ya riƙa tsayawa ƙasa da kilomita 100, amma yana wuce mil 50, wato kilomita 80, iyakar da Amurka ke amfani da ita.

A Satumba 2021 kumbon Dragon na SpaceX ya ɗauki mutum huɗu, ba ƙwararre ko ɗaya a cikinsu, suka yi kwana uku suna kewaya duniya a tafiyar Inspiration4. A nan sansani da sayen kujera suka haɗu: Jared Isaacman da ya biya kuɗin ya halarci shirin jiragen sama na Huntsville yana yaro, Chris Sembroski kuma ya taɓa zama mai horarwa a Space Camp. A Afrilu 2022 kamfanin Axiom ya kai mutum uku tashar kan kusan dala miliyan 55 kowanne, tafiyar kwana 10 ta koma 17 saboda yanayin teku a wurin sauka. Duk mai shiga irin wannan daga Amurka yana sa hannu a takarda cewa gwamnati ba ta tabbatar da amincin kumbon ga fasinja ba, bisa dokar 2004, wadda ta fi mayar da hankali kan kare mutanen ƙasa. Kuma cinikin biri a sama bai ƙare ba: kamfanin XCOR ya karɓi kuɗin tikiti ya durƙushe a 2017, shirin Mars One na kai mutane duniyar Mars ya rushe a 2019, tafiyar kewaya wata da Yusaku Maezawa ya shirya an soke ta a 2024.

Saura ƙarshen tambayarka. Sansani ba ya mayar da mutum ɗan sama jannati, kuma babu hukumar da ke neman takardarsa. Gaskiya ne wasu sun bi ta nan: Dottie Metcalf-Lindenburger ita ce ta farko da ta kai sama a 2010, sai Samantha Cristoforetti ta Italiya, Kate Rubins, da Christina Koch wadda ta yi kwana 328 a tafiya ɗaya. Amma su 'yan kaɗan ne cikin dubban ɗaruruwan da suka halarta, kuma abin da ya kai su shi ne shekarun karatu da aiki da suka biyo baya. NASA tana neman ɗan ƙasar Amurka mai digiri na biyu a kimiyya, injiniyanci ko lissafi, ko likita, da shekarun ƙwarewa ko awa 1,000 na tuƙin jirgi, da cin gwajin lafiya. A 2017 ta ɗauki 12 cikin fiye da 18,300. Hukumar sararin samaniya ta Turai ta ɗauki biyar a matsayin cikakkun ma'aikata cikin fiye da 22,500 a 2022.

Saboda haka idan za ka zaɓa wa ɗanka ko ɗalibinka sansani, kada yawan na'urori a talla ya ɗauke maka hankali. Tambayi awa nawa ake yi a aikin kwaikwayon tafiya, kuma ko ana zama a tattauna kurakurai bayansa. Tambayi yara nawa ke hannun mai horarwa ɗaya, ko kowane yaro zai haɗa wani abu da hannunsa a gwada shi a gabansa, da ko ana juya muƙamai ta yadda wanda ya zauna a kumbo yau zai zauna a ɗakin kula gobe. Ka duba iyakar tsawo da nauyi na kowace na'ura tun kafin ka biya, domin yaron da bai kai tsawon da aka gindaya ba ba za a ɗaure shi a kujerar zobba ba, kuma ka cike takardar lafiya da gaskiya, musamman kan asma da farfaɗiya da ciwon kunne, idan shirin ya haɗa da shiga ruwa.